Tsere a bakin kogin Lu'ulu'u, da waɗanda ake bari su je kallo

Kusan kowannenmu yana da wani kawu ko baffa mai zuwa Gwanzu sari, wato Guangzhou. Ka tambaye shi Nansha, zai ce ai nan ne ake loda masa kwantena zuwa Legas, shi ke nan abin da ya sani. Da gaskiyarsa. Nansha gunduma ce a ƙarshen kudancin birnin, inda kogin Lu'ulu'u ke shiga teku, sai 2005 ma aka ba ta matsayin gunduma. Akwai tashar jiragen ruwa, akwai masana'antar GAC Toyota wadda ta fara fitar da Camry a 2006. Gari ne na ƙera mota da loda mota. Amma in ka bi gaɓar kogin ka yi kudu, ka wuce Zhongshan, ka isa Zhuhai, ka tsallaka iyakar Gongbei, to ka shiga Makau, inda ake ɗaya daga cikin tsofaffin tseren mota na kan titin gari a duniya. Shi nake so mu duba tarihinsa.

Abin ya fara ne kamar wasa. A 1954, lokacin Makau tana hannun Turawan Fotugal, wasu abokai uku, Fernando Macedo Pinto da Carlos Silva da Paulo Antas, suka shirya wasan neman ɓoyayyen abu da motoci a cikin gari. Wani mutumin Suwizalan mazaunin Hong Kong, Paul Dutoit, ya ga hanyar da suka zana, ya ce musu ai wannan filin tsere ne. A ƙarshen Oktoba na shekarar aka yi na farko. Awa huɗu ana zagaye, sau 51, wani sashen hanyar ma ƙasa ce da yashi. Eduardo de Carvalho ya ci da mota Triumph TR2. Hanyar, wadda ake kira Guia, ta ɗan haura kilomita 6, kuma har yau kusan ita ce dai: miƙaƙƙen titi a bakin ruwa, sannan a hau dutse a shiga lunguna. A kwanar Melco faɗin titin mita 7 ne kacal, har an hana wuce juna a wurin.

Ga wani abin da ya ba ni mamaki. A saman dutsen akwai wurin da Turawan Fotugal suka sa wa suna Ramal dos Mouros, kuma Mouros sunan da suke kiran Musulmi da shi ne. Masallacin Makau da maƙabartarsa suna nan gefen, motocin suna wucewa ta kusa da su da ƙarar da za ta girgiza maka haƙora. A ƙasa kuwa kwanar da ta fi shahara, Lisboa, sunan otal ɗin caca ta ci. Zagaye ɗaya, daga gidan caca zuwa ƙofar masallaci. Makau kenan.

To me ɗan kallo yake gani? Gaskiya kaɗan. Wanda ya saba da hawan sallah a Kano ko Katsina, inda mahayi zai zo gabanka ya ja linzami ka ƙare wa kayan dokinsa kallo, zai ji kamar an cuce shi. Mota ta zo ta wuce kafin ka ce kwabo, sai ka jira fiye da minti biyu ta sake dawowa, sauran ka bi a babban allo. Abin da kake saya da tikitinka shi ne ƙara, da ƙaurin taya, da kasancewa kusa da haɗari. Wannan na ƙarshen ba wasa ba ne. A 1967 Arsenio Laurel ɗan Filifin, wanda ya ci tseren a 1962 da 1963, ya mutu bayan motarsa ta daki bango ta kama da wuta. A 2018 wata Bajamushiya 'yar shekara 17, Sophia Flörsch, motarta ta tashi sama a Lisboa tana gudun da ya haura kilomita 270 a awa, ta tsallake shinge ta faɗa rumfar masu ɗaukar hoto. Ta samu karaya a ƙashin baya, wasu mutum huɗu suka ji rauni. Allah Ya yi da sauran kwana, shekara na zagayowa ta dawo ta sake shiga tseren.

Darajar Makau ta ɗaga ne a 1983, da aka mayar da babban tseren na motocin Formula 3, wato matakin da samari ke bi kafin Formula 1. Wa ya ci na farkon? Ayrton Senna na Burazil. Sai 1990, shekarar da tsofaffin 'yan kallo ba sa gajiya da labarinta. Mika Häkkinen ya ci zangon farko, abin da kawai ya rage masa a na biyu shi ne ya bi bayan Michael Schumacher salin alin, jimillar lokaci za ta ba shi kofi. Ƙuruciya ta hana. A zagayen ƙarshe ya zabura zai wuce, ya daki bayan motar Schumacher, ya ƙare a jikin shinge. Schumacher ya ƙarasa da mota ba fiffiken baya, ya ɗauki kofin. Su biyun daga baya sun zama zakarun duniya. Lewis Hamilton ma ya zo a 2003 da 2004, bai ci ba.

Ita ƙasar Sin, wadda Makau ta koma hannunta a Disambar 1999, ta so nata. An buɗe filin tsere na dindindin na farko a Zhuhai a 1996, har aka sa shi a jadawalin wucin gadi na Formula 1 na 1999, sannan aka cire. Shanghai ce ta samu a 2004, Rubens Barrichello ya ci da Ferrari. Sai 2024 ɗan ƙasar na farko, Zhou Guanyu, ya yi tsere a gida, bayan korona ta hana a yi daga 2020 zuwa 2023. Makau kuwa ko a shekarun korona ba ta fasa ba, ta rage girman abin ne kawai.

Yanzu ga inda ya shafe mu. A Nuwamban 2024 wanda ya ci babban tseren Makau yaro ne ɗan shekara 17 mai suna Ugo Ugochukwu. A New York aka haife shi, da tutar Amurka yake tsere, mahaifinsa ɗan Italiya ne, mahaifiyarsa kuwa Oluchi Onweagba ce, wadda ta tashi a Legas ta ci gasar Face of Africa a 1998. Ba Bahaushe ba ne, amma irinmu ne sak: sunan gida, fasfon waje. Kun san yadda abin yake, a can ana tambayarka daga ina kake, a gida ana ce maka ɗan Turai.

Sai dai fa tun 2010 Makau ta sa Najeriya a jerin ƙasashe shida, tare da Bangaladash da Nefal da Pakistan da Siri Lanka da Biyetnam, waɗanda mutanensu dole su nemi biza tun kafin su taso. Mai fasfon Birtaniya ko Amurka shiga kawai zai yi. Ƙari a kan haka, fita daga babban yankin Sin zuwa Makau fita ce daga iyaka, in bizarka ta shiga sau ɗaya ce, to ta ƙone, ba komawa Gwanzu. Ku lissafa. Baje kolin Canton na kaka, wanda ke kawo 'yan kasuwarmu, yana ƙarewa farkon Nuwamba, tseren kuma tsakiyar watan ake yi. Alhajin da ya shekara ashirin yana zuba kuɗinsa a shagunan Xiaobei da Sanyuanli, wanda ya san kowane lungu na tashar Nansha, sai ya cika takardu ya jira. Ɗan ƙaninsa da aka haifa a Landan, wanda ko sannu bai iya da Sinanci ba, jakar baya kawai zai rataya. Wallahi ni wannan ya fi haɗarin Lisboa tsaya mini a rai, don mu ne masu jakar bayan.

In ka ce to ya jira a kawo masa tseren gida, sai a yi dariya. Rabon Afirka da Formula 1 tun 1993 a Kyalami ta Afirka ta Kudu, kafin nan kuma Maroko ta taɓa yi sau ɗaya a 1958. Babban tseren da mutanenmu suka gani da idonsu shi ne Paris zuwa Dakar, lokacin da yake ratsa Agadez, ba tikiti ba rumfa, sai ƙura. Shi ma an soke na 2008 saboda tsaro, aka kai shi Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya a 2020. A Disambar 2024 shugaba Paul Kagame ya sanar a Kigali cewa Ruwanda na neman a ba ta Formula 1.