3.2 Addini da Yaƙi: Darasi Daga Tarihin Arewacin Zamfara

A wannan sashe za a duba zargin da wasu masana ke yi cewa addini ne ummul haba'isin yaƙe-yaƙen ɗan Adam. Za a auna zargin da abin da ya auku a yankin Zurmi da Ƙauran Namoda da Shinkafi, domin ƙasa ce da ta ga jihadi a farkon ƙarni na 19, ta kuma ga wani irin zubar da jini a wannan zamani.

Tun kafin jihadi akwai gaba tsakanin Zamfara da Gobir. Gobirawa sun shigo ƙasar Zamfara a matsayin baƙi, da suka yi ƙarfi sai sarkinsu Babari ya ci Birnin Zamfara wajen shekarar 1762, ya kafa hedikwatarsa a Alƙalawa. Wannan yaƙi na ƙasar noma da sarauta ne, babu wanda ya kira shi yaƙin addini. Daga baya Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a Zamfara, ya sami mabiya da dama. Don haka lokacin da ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, aka kuma karya rundunar Sarkin Gobir Yunfa a Tafkin Kwatto, Zamfarawa da yawa suka goyi bayan jama'arsa. Wasu sun bi don imani, wasu kuwa don sun sami wanda zai rama musu abin da Gobir ta yi wa kakanninsu.

Abin lura shi ne wannan ƙawance bai daɗe ba. Bayan asarar da jama'a ta yi a Tsuntsuwa, sai ta koma Sabon Gari cikin ƙasar Zamfara a 1805, a lokacin da ake fama da ƙarancin abinci. Mayaƙa suka riƙa faɗa wa rumbunan manoma, har waɗanda suka tarbe su jiya suka juya musu baya. Muhammadu Bello da kansa, a littafinsa Infaƙul Maisuri, bai ɓoye cewa zaluncin wasu daga cikin mayaƙan ya taimaka wajen ɓata tsakani ba. A 1806 Namoda, jagoran Fulanin Alibawa wanda garin Ƙaura ke ɗauke da sunansa, ya karya taron dangin abokan gaba a Fafara kusa da Zurmi, kuma a 1808 Alƙalawa ta faɗi. Ke nan cikin shekara biyu kacal Zamfarawa sun kasance abokai, sun kuma zama abokan gaba, alhali ba su sake addini ba. Abin da ya sauya shi ne hatsin da ke cikin rumbu.

Wannan ba ya nufin addini ba shi da hannu ko kaɗan. Shehu da almajiransa sun yi imani da abin da suka fito dominsa, kuma tutar addini ce ta haɗa Fulani da Hausawa da Buzaye a sahu ɗaya. Haka nan hukuncin kafirta abokin gaba shi ya halatta ganima da kamun bayi, kuma a kan wannan batu ne Shehu Muhammadu Al'amin Alkanemi na Borno ya yi musayar wasiƙu masu zafi da shugabannin jihadi. Amma kuma malaman addinin ne suka fara tsawatarwa. A 1807 Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar rundunar ya nufi gabas har Kano, saboda ya ga son duniya ya rinjayi mayaƙa da yawa.

Halin da yankin ya shiga tun wajen 2011 ya ƙara fito da wannan batu fili. Jihar Zamfara ce ta fara ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999, amma rikicin da ya addabi garuruwa irin su Gurbin Ɓore, a kan iyakar Zurmi da Katsina, bai taso daga saɓanin aƙida ba. Ya faro ne daga satar shanu, da cinye burtali da makiyaya, da ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da 'yan bindiga, da yaɗuwar makamai, sannan garkuwa da mutane ta zama sana'a. Mai harbi da wanda aka harba galibi alƙiblarsu ɗaya.

A taƙaice, tarihin arewacin Zamfara ya nuna cewa addini kan ba yaƙi suna da tuta da hujja, amma ƙasa da abinci da mulki su ne kan tantance wanda zai shiga da wanda zai fita. Wanda ya ɗora wa addini laifin duka, zai bar ainihin cutar ba magani, kuma manomin Gurbin Ɓore da ya kasa zuwa gonarsa shi ne zai ci gaba da ɗanɗana kuɗarsa.