Abincin gargajiyar da ke ja da baya a gabashin Sakkwato

A ƙasashen Wurno da Rabah da Goronyo, gero ne ya daɗe yana riƙe da gida. Da shi ake yin tuwo da kunu da gumba da fura, wadda Sakkwatawa ke kira hura.

Sai dai shinkafar fadamar Rima, wadda madatsar ruwan Goronyo ta ƙarfafa nomanta tun 1984, da kuma taliyar kanti, sun rage masa kasuwa, domin ba su bukatar wahalar surfe da daka.

Wadda ta fi shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi ita ce daddawar batso. Daga 'ya'yan yakuwa ake yin ta: a dafa su, a daka, a rufe na kwanaki har su ruɓa. Warinta ne ya sa matasa ke gudunta, alhali tana ɗauke da sinadarin gina jiki wanda dunƙulen Maggi, mai yawan gishiri, ba ya bayarwa.

Shi kuwa gero yana nuna cikin kimanin wata uku, ko da damina ta yi gardama. Juriyarsa ga fari na cikin dalilan da suka sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 domin gero da danginsa.