Seligman: Garin da Jirgin Ƙasa ya Kafa, Mota ta Raya



Matafiyin da ya bi tsohuwar hanyar mota mai lamba 66 a Jihar Arizona ta Amurka, zai iske wani ɗan gari da ake kira Seligman, wanda mutanensa ba su kai 500 ba. Tarihinsa kuwa ya isa abin nazari ga duk wanda aikinsa ya shafi shata hanya.

Asalin garin tasha ce. Hanyar dogo ta ratsa wannan fili a farkon shekarun 1880, sa'an nan a 1886 aka ja reshe daga nan zuwa Prescott, aka kuma raɗa wa wurin sunan Jesse Seligman, wani attajirin banki na Niyok wanda ya zuba kuɗi a aikin. Abin da ya ba shi ƙarfi ya zo a 1897, sa'ad da kamfanin Santa Fe ya mai da shi zangon canjin ma'aikata. A zamanin jirgi mai tururi, inji ba ya doguwar tafiya sai ya sha ruwa an duba shi, direba da ɗan wuta su ma sai sun sauka sun huta wasu su karɓa. Watau ke nan kowace rana akwai baƙi masu albashi da ke neman abinci da makwanci. Don haka aka gina babban masauki na kamfanin Fred Harvey a bakin tasha, aka kira shi Havasu.

A 1926 gwamnati ta ba hanyar da ta taso daga Shikago zuwa Los Anjeles lamba 66, tsawonta fiye da mil 2,400, ta kuwa bi ta tsakiyar Seligman, kusa da layin dogo. A shekarun 1930 manoman da fari da guguwar ƙura suka kora daga Oklahoma da maƙwabtanta ta nan suka yi ta wucewa zuwa Kalifoniya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai masu yawon hutu suka maye gurbinsu, gidajen mai da na saukar baƙi suka jeru a bakin titi.

To, amma a 1956 aka yi dokar gina manyan tagwayen hanyoyi na tarayya. Ranar 22 ga Satumba 1978 aka buɗe sabuwar hanya mai lamba 40, wadda ta kauce wa garin da ɗan taƙi kaɗan, kuma tun daga ran nan ciniki ya ɗauke. Injiniyoyi sun yi lissafin lokacin da direba zai rage, lissafinsu kuwa daidai ne. Sai dai a ganina mai gidan mai da mai sayar da abinci ba su shiga cikinsa ba. A 1985 Santa Fe ya daina canjin ma'aikata a nan, a shekarar ce kuma aka soke lamba 66 daga jerin hanyoyin ƙasa.

Wanda ya tashi tsaye mai aski ne, Angel Delgadillo, haifaffen garin. A Fabrairun 1987 ya tara 'yan kasuwa suka kafa ƙungiyar kare tsohuwar hanyar, suka matsa wa hukumomin jiha lamba, har kafin shekarar ta ƙare aka ayyana sashen da ke tsakanin Seligman da Kingman a matsayin hanyar tarihi. Alluna kawai aka kafa, amma allunan suka jawo masu yawon buɗe ido daga Turai da Japan. Masu shirya fim ɗin Cars na 2006 ma sun zauna da shi sun ji labarin garin.

Sai dai mai ziyara ya lura da abin da aka adana da wanda aka bari. Shagon askin ya zama kantin tsaraba, an jera tsofaffin motoci a bakin titi ana ɗaukar hoto. Masaukin Havasu kuwa, wanda ya girmi hanyar motar, an rushe shi a 2008. Jiragen kaya na ratsa garin dare da rana, na fasinja kuma yakan wuce ba tare da ya tsaya ba.