Daga Ƙullin Dillaliya Zuwa Idon Kyamara

Kafin mu shigo sana'ar ɗaukar hoton tufafi, dillaliya ce kantin matan Kano. Ta saro atamfa da leshi a Kantin Kwari, ta bi gida-gida da ƙullinta, uwargida ta shafa, ta ɗaga a rana, sannan ta taya. Hoton sutura a lokacin bai wuce kalandar ɗinki da ke liƙe a bangon shagon tela ba, sai mujallar Ovation da ake aro don kwafar ɗinkin matan Legas.

BlackBerry ce ta fara sauya lissafin. 'Yan mata masu sari suka riƙa shimfiɗa turmi a kan gado, su ɗauka, su ɗora a BBM. Hotunan dishi-dishi ne, amma ana ciniki, don mai saye ta san mai sayarwa har gidansu. Da Jumia da Konga suka buɗe a 2012 sai ido ya waye da wani salo: farin bango, wadataccen haske, riga ta gaba da ta baya. A shekarar ce Instagram ta sauko wayoyin Android, aka fara nemanmu, mu da muka taso a hoton biki da suna.

Aikin kuwa ya sha bamban. Amarya ƙawata ta ake so ka yi. Tufafi ba a yarda ka ƙara musu ko ka rage ba. Babu mai wahalar da mu kamar shadda. Getzner ɗin da ta sha bugu, da ka haska mata fitila kai tsaye sai ƙyallin ya cinye zanen, fara ta koma fili fetal. Dole hasken ya zo ta gefe, a tausashe. Jan launi yakan rikiɗe, baƙin rini irin na Ƙofar Mata kuma waya kan mayar da shi shuɗi mai haske. Shi ya sa har yau na fi amincewa da inuwar hantsi kusa da taga, da farar takarda a gefen kayan don daidaita kala.

Akwai kuma batun kunya. Yawancin masu abaya da mayafi ba sa son fuska ta fito, sai mu yanke hoton daga wuya, ko a sa wa mutum-mutumi.

Kullen korona na 2020 ya tura kasuwa kacokan cikin waya, bidiyo ya karɓi fage: hannu yana juya yadi, ana jin ƙarar shaddar. Yanzu kusan kowace mai kaya tana da fitilar zobe da Tecno ko iPhone, tana ɗauka da kanta. Abin da ke damuna shi ne masu ƙara wa hoto kala har leshi mai araha ya yi kama da na Suwizalan. In saƙo ya isa Abuja, rigima ta tashi, sunan mai shago ne ke ɓaci. Mu dai an fi kiranmu gab da azumi, lokacin da kayan Sallah ke sauka dila-dila.