Dokar da ta tsaya a ƙofar gida

A ƙarni na 19, yawancin saƙar alharinin birnin Lyon na ƙasar Faransa a cikin gidaje ake yin ta. A unguwar Croix-Rousse, akan kafa masaƙa biyu ko uku a ɗakin da iyali ke ci, ke kwana. Attajiri ne ke kawo zare, ya biya lada bisa tsawon abin da aka saƙa. Don haka kowane hannu na gidan yana da amfani, har na ƙaramin yaro mai naɗa zare a kwarkwaro ko mai jefa ƙoshiya.

A shekarar 1840, likita Villermé ya fito da bincikensa game da halin ma'aikatan auduga, ulu da alharini. A watan Maris na 1841 aka kafa dokar farko: an hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 8 ba, an kuma ƙayyade awa 8 a rana ga ƴan shekara 8 zuwa 12. Sai dai dokar ta shafi masana'antu masu inji ne, da wuraren da ma'aikata suka haura 20. Dokar 1874 ta ɗaga shekarun zuwa 12, ta 1892 ta kai su 13, amma ita ma ta ware ɗakin sana'ar da uba ko uwa ke jagoranta. A ganin ƴan majalisa, gida hurumin uba ne, mai bincike ba ya kutsawa.

Abin da ya shiga gidajen shi ne makaranta. Dokar Jules Ferry ta 1882 ta wajabta karatu ga yara maza da mata daga shekara 6 zuwa 13, bayan ta 1881 da ta sa lakwal ɗin gwamnati ta zama kyauta. Malami ba ya shiga ɗakin saƙa, amma kundin kiran suna yana nuna masa wanda bai zo ba. Ba rana ɗaya aka daina fashi ba, ko da yake daga lokacin ne rashin yaro a aji ya zama abin da ake tambayar iyaye.

Koyon sana'ar gado a gaban uba daraja ne. Yakan koma zalunci idan ya cinye barcin yaro da karatunsa, kuma a Faransa malamin aji ne ya fi kowane ma'aikacin hukuma damar ganin haka.