BABI NA BIYU: TARIHIN AƘIDAR ƘARSHEN ZAMANI A CIKIN WAƘOƘIN SUJADA NA KIRISTA

2.0 Gabatarwa

Wannan babi zai bi diddigin dangantakar da ke tsakanin abin da Kirista suka yi imani da shi game da ƙarshen zamani da kuma waƙoƙin da suke rerawa a majami'a. Za a fi mayar da hankali ga ikilisiyoyin Furotesta na Amurka da Birtaniya, domin a can ne aka haifi salon da ake kira waƙoƙin yabo da sujada na zamani. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, duk lokacin da fahimtar malamai game da ƙarshen duniya ta sauya, waƙa kan bi sawu. Ta haka ne aka tashi daga waƙoƙin jiran dawowar Almasihu, aka iso ga waƙoƙin ɗanɗana mulkinsa tun a nan duniya.

2.1 Aƙidar Ƙarshen Zamani a Taƙaice

Kusan dukkan ɗarikun Kirista sun haɗu a kan cewa Yesu Almasihu zai dawo, matattu za su tashi, a yi shari'ar ƙarshe, sa'an nan Allah ya sabunta sama da ƙasa. Inda aka rabu shi ne wajen fassara sura ta 20 ta littafin Ru'ya ta Yohanna, wanda wasu fassarorin Hausa ke kira Wahayin Yahaya. A wannan sura ne aka ambaci sarautar Almasihu ta shekara 1,000.

Ra'ayi na farko yana ganin shekara dubun nan misali ne kawai na zamanin ikilisiya da ake ciki. Wannan shi ne ra'ayin Augustine (354–430), kuma shi ya yi rinjaye na ƙarnoni masu yawa. Ra'ayi na biyu cewa yake bishara za ta gyara duniya sannu a hankali, a sami dogon zamani na salama, kafin Almasihu ya dawo. Jonathan Edwards (1703–1758) yana cikin masu wannan ra'ayi. Na uku kuwa yana cewa duniya ƙara lalacewa za ta yi, kuma babu mai gyara ta sai Almasihu ya dawo da kansa ya kafa sarautar. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ra'ayoyi ya bar tambarinsa a kan waƙa.

2.2 Waƙoƙin Farko

Fitacciyar waƙar ƙarshen zamani ta cocin Katolika ita ce Dies Irae, wato Ranar Fushi, wadda aka tsara da harshen Latin wajen ƙarni na 13. Jigonta shi ne firgicin ranar shari'a da roƙon jinƙai, kuma an daɗe ana rera ta a sujadar jana'iza. Bayan Furotesta sun ɓalle a ƙarni na 16, sai murya ta ɗan sauya. A shekarar 1599 wani limamin Jamus mai suna Philipp Nicolai ya buga waƙa a kan misalin budurwoyi goma masu jiran ango, bayan annoba ta hallaka jama'a masu yawa a garin Unna inda yake aiki. A cikinta dawowar Almasihu biki ce da ake ɗokin zuwanta. A Ingila kuma, Isaac Watts ya mayar da Zabura ta 72 waƙa a 1719, inda ya nuna mulkin Yesu yana mamaye duniya daga gabas zuwa yamma. Masu ra'ayin gyaruwar duniya sun rungumi wannan waƙa, ta zama ta 'yan mishan.

2.3 Darby, Fyaucewa da Waƙoƙin Bishara

A ƙarni na 19 ne ra'ayi na uku ya farfaɗo da ƙarfi. A Amurka mabiyan William Miller sun sa ran dawowar Almasihu ranar 22 ga Oktoba, 1844, ranar ta zo ta wuce. Wanda koyarwarsa ta fi daɗewa shi ne John Nelson Darby (1800–1882), tsohon limamin Angilika a ƙasar Ailan. Darby ya raba dawowar Almasihu gida biyu. Da fari zai zo a asirce ya ɗauke masu bi, abin da Kiristan ƙasar Hausa ke kira fyaucewa, bisa fahimtarsa ta sura ta 4 ta wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Tasalonikawa. Daga nan waɗanda aka bari za su sha ƙunci mai girma na shekara 7 a ƙarƙashin magabcin Almasihu, kafin ya dawo a fili. Wannan koyarwa ta shiga gidajen talakawa ta hanyar Littafi Mai Tsarki mai sharhin C. I. Scofield, wanda aka buga a 1909.

A daidai wannan zamani ne mai wa'azi D. L. Moody da mawaƙinsa Ira Sankey suka zagaya Birtaniya daga 1873 zuwa 1875. Sankey ya tattara waƙoƙi masu sauƙin kari da amshi a littafinsa Sacred Songs and Solos. Da yake ana ganin duniya ba mai gyaruwa ba ce, sai waƙoƙin bishara suka cika da hotunan busa ƙaho, da kiran sunaye a sama, da haye kogi, da saduwa da 'yan'uwan da suka riga mu. Alal misali, waƙar I'll Fly Away ta Albert Brumley, wadda aka buga a 1932 ana tsakiyar karayar tattalin arzikin Amurka, ta kwatanta rayuwar duniya da kurkukun da mai bi zai tsere masa. A wurin manomin da ya rasa gonarsa, irin wannan waƙa ta'aziyya ce.

2.4 Jama'ar Yesu da Haihuwar Salon Zamani

Kafa ƙasar Isra'ila a 1948 da kama gabashin birnin Ƙudus a yaƙin 1967 sun sa masu bin koyarwar Darby suka ga annabci yana cika a kan idonsu. A 1970 Hal Lindsey ya fitar da littafinsa The Late Great Planet Earth, wanda aka sayar da miliyoyin kwafe. A lokacin kuwa ɗimbin matasan Amurka da suka yi wa al'adun iyayensu tawaye suna tuba suna shiga coci, da jitocinsu da gangunansu. Su ne aka laƙaba wa suna Jama'ar Yesu, kuma a hannunsu aka haifi waƙar Kirista ta zamani.

Tun ranar haihuwarsa wannan salo yana ɗauke da zancen fyaucewa. A 1969 Larry Norman ya fitar da waƙar I Wish We'd All Been Ready, mai nuna baƙin cikin waɗanda aka bari a baya. An sa ta a fim ɗin A Thief in the Night na 1972, wanda aka yi ta nunawa a majami'u. Haka kuma kamfanin faya-fayen da cocin Calvary Chapel na Kalifoniya ya kafa a 1971 an sa masa suna Maranatha, kalmar Aramiya da ke cikin wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korintiyawa, mai ma'anar roƙon Ubangiji ya zo. Shugaban cocin, Chuck Smith, ya sa ran fyaucewa kafin ƙarshen 1981. Lissafin kuwa shi ne, a ɗora shekara 40 ta tsara ɗaya a kan 1948 a sami 1988, sa'an nan a cire shekara 7 ta ƙunci. Da 1981 ta wuce, 1988 ma ta wuce, sai zafin wannan jira ya fara sanyi a bakin mawaƙa, ko da yake aƙidar ta ci gaba da tashe a littattafai irin su jerin ƙagaggun labaran Left Behind da aka fara a 1995.

2.5 Daga Jira Zuwa Ɗanɗano

Abubuwa uku ne suka juya akalar waƙa bayan wannan lokaci. Na farko shi ne koyarwar George Eldon Ladd na makarantar tauhidi ta Fuller, wanda ya bayyana a littafinsa na 1959 cewa mulkin Allah ya riga ya shigo da zuwan Yesu na fari, amma bai cika ba tukuna. John Wimber, wanda tsohon makaɗi ne, ya ɗauki wannan koyarwa ya aiwatar da ita. A 1982 cocinsa ya rabu da Calvary Chapel ya shiga ƙungiyar Vineyard. A ganinsa, tunda mulkin ya shigo, to a sa ran warkarwa da kusantar Allah a cikin taron sujada. Waƙoƙin Vineyard sun zama gajeru, masu maimaici, ana magana da Allah kai tsaye da lafazin ƙauna.

Na biyu ya samo asali ne daga farkawar Fentikos da ta ɓulla a North Battleford ta ƙasar Kanada a 1948. Mabiyanta sun fassara alkawarin sake ta da bukkar Dawuda, da ke sura ta 9 ta littafin Amos, da cewa Allah zai maido da yabo na kiɗa da rawa kafin ƙarshe. Wato ke nan waƙar kanta ta zama alamar ƙarshen zamani. A kan irin wannan fahimta ne aka fara addu'a da waƙa dare da rana ba yankewa a wani gidan addu'a na birnin Kansas a watan Satumba na 1999. Littafin Ru'ya bai fita daga waƙa ba, sai dai an koma ga surori na 4 da 5, inda ake nuna sujada a gaban kursiyi, aka bar surorin hukunci. Waƙar Revelation Song ta Jennie Lee Riddle misali ce.

Na uku ya shafi kasuwa da kayan aiki. Littafin waƙoƙi na dā yana da babi-babi, har da na mutuwa da na zuwan Almasihu na biyu, saboda haka jigon yana nan ko an daɗe ba a rera shi ba. Da majigi ya maye gurbin littafi, sai zaɓi ya koma hannun shugaban mawaƙa, shi kuwa yakan ɗauki abin da ke tashe. Kamfanin CCLI, mai karɓa wa marubuta kuɗin haƙƙin mallaka tun 1988, yana fitar da jerin waƙoƙin da majami'u suka fi rerawa. Wani bincike da aka fitar a 2023 ya nuna cewa daga cikin waƙoƙi 38 da suka shiga sahun 25 na farko tsakanin 2010 da 2020, guda 36 suna da alaƙa da manyan majami'u huɗu kacal: Hillsong da Bethel da Elevation da Passion. Tun a 2016 kuma Matthew Westerholm ya nuna a kundin digirinsa na uku cewa waƙoƙin da suka fi tashe sun ƙarfafa ɓangaren mulkin da ya riga ya zo, suka yi sakaci da ɓangaren da bai cika ba. Sai dai tsofaffin waƙoƙin ma ba su tsira daga suka ba. A 2007 malamin Angilika N. T. Wright ya zargi wasunsu da mayar da begen Kirista gudun duniya, alhali Sabon Alkawari tashin jiki da sabunta halitta ya yi alkawari.

2.6 Tasiri a Arewacin Nijeriya

Wannan tarihi ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye. Mishan ɗin SIM, wadda mutanenta na farko suka sauka Legas a 1893, da SUM da ta iso Wase a 1904, sun fito ne daga cikin da'irar masu wa'azin farkawa na zamanin Moody. Da yawa daga 'yan mishan na wannan da'ira sun fahimci sura ta 24 ta Matiyu da cewa sai bishara ta kai ga dukkan al'ummai ƙarshe zai zo, don haka suka ɗauki isa ƙasar Sudan a matsayin aikin gaggawa. Sun fassara waƙoƙin Turanci, har da na littafin Sankey, suka shiga Littafin Waƙoƙi na Hausa. Daga baya ƙungiyoyin Zumuntar Mata da na Sabon Rai, wadda aka fara a Jos a 1963, suka tsara nasu da tulu da ganga da caki, kuma gargaɗin shirin dawowar Yesu yana cikin manyan jigoginsu. A shekarun 1990 kaset-kaset na Don Moen da Ron Kenoly suka shigo da sabon salo cikin majami'un birane. Daga bisani ma Nijeriya ta mayar da biki, domin waƙar Way Maker ta Sinach, wadda ta fito a 2015, ta hau kan jerin CCLI a 2020 lokacin annobar korona.

Muhimmancin wannan sauyi yakan fito fili a lokacin masifa. A watan Afrilu na 2014 aka sace 'yan mata 276 a Chibok, akasarinsu 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, a watan Oktoba kuma Boko Haram ta kama hedkwatar cocin da ke Kwarhi. Jama'ar da ke cikin irin wannan hali tana buƙatar waƙar da ta yarda cewa adalci bai cika ba tukuna, kuma akwai ranar da za a yi hisabi. Waƙar da ke shelar nasara a yau kaɗai ba ta da abin da za ta faɗa a bakin kabari. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa Littafin Waƙoƙi bai rasa gurbinsa a wajen jana'iza ba, ko a majami'un da matasa suka rungumi sabon salo.

2.7 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda jigon ƙarshen zamani ya taso daga tsoron shari'a a waƙar Latin, ya zama begen tserewa a waƙoƙin bishara na bayan Darby, ya kai ƙololuwa a bakin Jama'ar Yesu tsakanin 1969 da 1981, sa'an nan ya rikiɗe zuwa ɗanɗana mulkin Allah a cikin taron sujada. An kuma ga cewa tauhidi da abubuwan da ke faruwa a duniya da kasuwar waƙa duk suna da hannu a wannan sauyi. Babi na gaba zai ɗauki zaɓaɓɓun waƙoƙin Hausa na Zumuntar Mata da na matasa, ya nazarci jigo da salonsu bisa wannan ma'auni.