Gocewar Kwatangwalo: Daga Hannun Maɗori Zuwa Ɗakin Tiyata

Gaɓar kwatangwalo ita ce mahaɗar ƙashin cinya da ƙashin ƙugu, kuma tana cikin gaɓoɓin da suka fi ƙarfi a jikin ɗan Adam, domin kan ƙashin cinya mulmulalle ne, yana zaune cikin wani gurbi mai zurfi kamar taɓarya a turmi, sannan ga jijiyoyi masu kauri da tsoka mai yawa sun ɗaure shi ta kowane ɓangare. Saboda haka ba ta gocewa sai da bugu mai tsanani, irin na hatsarin mota ko babur, ko faɗowa daga doguwar bishiya, ko kuma karo a filin wasa idan mutum ya dira da gwiwa a lanƙwashe wani nauyi ya danne shi ta baya. A kusan kashi tara cikin goma na irin wannan rauni, kan ƙashin yana ficewa ne ta baya, kuma sau da yawa yakan ɓalle leɓen gurbin ya tafi da shi, sai a sami gocewa da karaya a lokaci guda.

A ƙasar Hausa da ƙasashen da ke maƙwabtaka da ita, har da Kauru da sauran garuruwan kudancin Kaduna, maɗora ne suka riƙe jinyar ƙashi tun kafin zuwan asibiti. Ɗori sana'a ce ta gado, wadda ɗa yake koya a gaban ubansa: a laluba wurin da hannu, a ja gaɓar har ƙashi ya daidaita, a shafa magani, a jera karare ko tsinke a naɗe da tsumma, a kuma haɗa da addu'a. Ba daidai ba ne a raina wannan ilmi, domin ƙafafu da hannuwa masu yawa sun warke ta hanyarsa, kuma jama'a suna da hujjarsu ta zuwa wurin maɗori, tunda yana kusa, ana iya biyansa sannu a hankali, ga kuma tsoron da aka daɗe da shi cewa asibiti yanke ƙafa ake yi. Sai dai kwatangwalo ya sha bamban da ƙwauri ko damtse. Gaɓar tana can ciki a ƙarƙashin tsoka inda yatsa ba ya kaiwa, babu yadda za a ɗaure ta da kara, kuma abin da ya fi hatsari a rauninta ba a ganinsa da ido, ba a kuma jinsa da hannu.

Likitancin Turai ma ya shafe ƙarnoni a wannan matsayi. Littattafan da ake dangantawa da Hippocrates na ƙasar Girka, fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, sun bayyana yadda ake mayar da kwatangwalo ta hanyar ja da igiyoyi da katako, wato a rinjayi tsoka da ƙarfin tsiya. Sauyi ya fara ne a 1846, lokacin da aka nuna amfani da maganin sa barci wajen tiyata a birnin Boston na Amurka, domin idan majinyaci ya yi barci tsokarsa takan saki. Henry Jacob Bigelow, likitan da ya fara wallafa labarin wannan gwaji, shi ne kuma a 1869 ya fitar da littafi a kan gocewar kwatangwalo, inda ya nuna cewa wata jijiya mai ƙarfi da ke gaban gaɓar ita ce ke riƙe ƙashin, kuma idan aka lanƙwasa cinya aka juya ta da dabara, ƙashin yakan koma ba tare da igiya ba. A 1895 Wilhelm Röntgen na Jamus ya gano hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, daga nan likita ya fara ganin abin da a da sai dai ya yi hasashe.

Duk da haka an ci gaba da ganin wani abu mai ɗaure kai: a mayar da ƙashi, mutum ya tashi ya yi tafiya, bayan watanni ko shekara biyu ciwo ya dawo, gaɓar ta lalace. A ƙarni na ashirin aka fahimci dalili. Jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya yana bi ne ta wasu siraran hanyoyi da suka ratsa ta wuyan ƙashin, galibinsu ta baya, daidai inda gocewar take faruwa. Idan suka tsinke ko suka daɗe a matse, kan ƙashin yakan mutu a hankali, ya rufta, abin da likitoci ke kira mutuwar ƙashi don rashin jini. Daga wannan fahimta aka sami ƙa'idar da ake bi yau, cewa a mayar da gaɓar cikin gaggawa, in da hali kafin awa shida. A 1964 Robert Judet da Émile Letournel na Faransa suka rarraba karayar gurbin kwatangwalo gida-gida, suka kuma nuna yadda ake buɗe wurin a ɗinke shi da faranti da kusoshin ƙarfe, yayin da John Charnley na Ingila, tun a 1962, ya daidaita hanyar sauya gaɓar gaba ɗaya da ta ƙarfe da roba ga wanda tasa ta riga ta mutu.

Ƙwallon Amurka, wanda ake yi da hannu da ture-ture, ya ba da misalai biyu da suka fito da amfanin wannan ilmi fili. Ranar 13 ga Janairun 1991 Bo Jackson, ɗan wasan Los Angeles Raiders, ya ji rauni a kwatangwalonsa na hagu, aka ɗauka abin mai sauƙi ne, sai daga baya aka gano jini ya daina kaiwa kan ƙashin. Bai sake buga wannan wasa ba, kuma a 1992 aka sauya masa gaɓar. Bayan shekara 28, ranar 16 ga Nuwamban 2019, Tua Tagovailoa na Jami'ar Alabama, wanda shi ne mai jefa ƙwallo da jagorantar kai hari a ƙungiyarsa, ya faɗi a ƙarƙashin 'yan baya biyu na Jami'ar Jihar Mississippi, kwatangwalonsa na dama ya goce, leɓen gurbin na baya ya karye. Nan take aka tuna da Jackson, mutane da yawa suka yanke ƙauna. Amma an mayar da gaɓar tun a filin wasan, aka ɗauke shi a jirgi mai saukar ungulu zuwa birnin Birmingham na Amurka, bayan kwana biyu aka yi masa tiyata a Houston. A watan Afrilun 2020 ƙungiyar Miami Dolphins ta ɗauke shi a matsayi na biyar cikin sababbin 'yan wasa, kuma a kakar 2023 babu wanda ya kai shi yawan nisan jifa a babbar gasar ƙasar. Raunukan biyu ba iri ɗaya ba ne sak, amma labarin Tagovailoa ya nuna amfanin saurin ganewa da saurin mayarwa.

A Nijeriya asibitin ƙashi na zamani ya fara ne a Igbobi ta Legas, inda aka yi jinyar sojojin Yaƙin Duniya na Biyu, sannan a 1959 aka buɗe na Dala a Kano, wanda har yau sunansa kaɗai ya isa a gane ana maganar karaya mai wuya. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ma yana da sashen ƙashi. Ilmin da ya ceci Tagovailoa yana hannun likitocin waɗannan wurare. Abin da ke tsakaninsa da matashin Kauru shi ne hanya. Kauru ƙasa ce mai duwatsu da rafuka, ƙauyukanta da dama ba sa shiguwa da mota idan damina ta yi nisa, kuma ɗan makarantar da ya ji rauni a gasar ƙwallo, ko ɗan acaɓan da ya yi karo, zai iya cinye awa shidan nan kafin ya isa Kafanchan ko Saminaka, balle Zariya ko Kano. Idan aka fara biyawa ta wurin maɗori aka ce targaɗe ne, kwanaki ne za su wuce. Abin takaici shi ne matakin farko ba ya buƙatar babban asibiti: hoton ƙashi, maganin sa barci da likitan da ya iya mayarwa sun wadatar, tiyatar gurbin kuwa tana iya jiran 'yan kwanaki a kai majinyaci inda ƙwararru suke.

Bayan haka sai doguwar jinya, makonni a kan sanduna ba tare da ɗora nauyi a ƙafar ba, watanni ana gashin ƙashi, da komawa ɗaukar hoto har shekara biyu, domin mutuwar ƙashi ba ta saurin bayyana. A wannan yanki akwai ƙarin dalilin sa ido, domin cutar sikila da ta yawaita a Nijeriya tana toshe waɗannan siraran hanyoyin jini ko da babu wani bugu, shi ya sa likitocin ƙashi na Arewa suke yawan ganin matasa masu ɗingishi waɗanda kan ƙashin cinyarsu ya rufta, alhali ba su taɓa faɗuwa daga babur ba.